Yadda Ake Gina Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa Ta Zamanin Tururi

Da wuya a sami yaron da ya tashi a ƙasar nan bai taɓa haɗa motar kara ko ta langa-langa ba. Ana feƙe karan dawa, a yanka tsohon silifa a yi tayoyi, a ɗaura igiya a ja cikin unguwa ana kwaikwayon kukan inji da baki. To, abin da iyaye da baƙi suka gani a kan dogon tebur a ɗakin koyon aikin kafinta ranar ba da kyaututtuka ɗan'uwan wannan wasa ne, sai dai shi ya girma ya shiga makaranta. Ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce irin ta zamanin da jirage ke tafiya da kwal da ruwa, wadda 'yan ƙungiyarmu ta sana'ar hannu suka yi zango uku suna ginawa. Tambayoyi sun yi yawa a ranar, har editan wannan mujalla ya nemi in yi bayanin yadda ake aikin, domin amfanin ƙannenmu da za su gaje shi.

Zan fara da kunyar da muka sha, gama daga gare ta muka koyi aikin.

A ƙarshen zango na farko mun ɗauka mun gama. Mun shimfiɗa layi, mun gina ofis da dakalin fasinjoji, mun dasa itatuwa, har da 'yar kasuwa a gefe. Sai kakan wata ɗalibarmu, dattijo mai shekara tamanin da 'yan kai wanda ya yi aikin zuba kwal a kan jirgi tun yana saurayi, ya zo ziyara. Muka kai shi ya gani muna jiran yabo. Ya zagaya teburin sau biyu yana dogara sanda, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, ina ruwa?" Na ce, "Wane ruwa, Baba?" Ya ce, "Jirgin nan naku idan ya iso nan da ƙishi, me zai sha? In ya iso ƙarshen layi, ta ina zai juya? In wani ya taho daga gaba, ina wannan zai raɓe?" Ba mu da amsa ko ɗaya. Mun gina abin da ya yi kama da tasha, amma jirgi ba zai iya aiki a cikinsa ba ko na yini guda. A zango na biyu muka ɓamɓare kusan rabinsa.

DAGA INA ABIN YA SAMO ASALI

Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a Ingila da Jamus da Amurka. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jiragen wasa masu layi mai tsayayyen faɗi a 1891. A Ingila kuwa, Frank Hornby na birnin Libaful ya fara sayar da jirage masu wani a 1920, sa'an nan a 1938 kamfaninsa ya fito da ƙanana da za su iya zama a kan tebur. Da farko wasan yara ne kawai, jirgi yana ta zagaye a da'ira. Wanda ya sauya tunanin mutane shi ne wani mai suna John Ahern, wanda a shekarun 1930 da 1940 ya gina jirginsa a cikin ƙasa mai tuddai da ƙauyuka da bakin ruwa, har ya zama kamar wuri na gaske. Aikin nasa yana ajiye a gidan tarihi na Pendon a kudancin Ingila.

Shi wannan gidan tarihi labarinsa ya shafe mu. Wani mutumin Ostireliya, Roye England, ya je Ingila a 1925, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu jinka ana ta rushe su ko a sauya musu rufi. Sai ya shiga auna su ɗaya bayan ɗaya yana gina ƙananansu da kwali, domin na baya su san yadda karkarar take. A 1954 aka kafa Pendon a kan wannan aiki. Abin da zai ba 'yan makarantar mishan sha'awa kuma shi ne limaman coci sun yi fice a wannan fanni. Rabaran Peter Denny ya fara gina tasharsa mai suna Buckingham a ƙarshen shekarun 1940, ya yi ta ƙara mata har tsufansa, yawanci da tarkace masu araha, kuma jiragensa suna tafiya bisa jadawalin lokaci kamar reluwe ta gaske. Rabaran Wilbert Awdry, wanda ya ƙago labaran jirgin nan Thomas da yara ke kallo, shi ma yana da tasa. Saboda haka duk wanda ya ce wannan aikin marasa abin yi ne, sai ya je ya gaya wa fasto.

MA'AUNI

Kafin a yanka ko da kwali ɗaya, sai an tsai da ma'auni, wato sau nawa za a rage girman kowane abu. Idan an ce 1:64, ana nufin abin da ke da tsawon santimita 64 a zahiri zai zama santimita 1 a kan tebur. Kuma da zarar an zaɓa, kome da kome sai ya bi: mutum, saniya, ƙofa, buhu, tulu. A gininmu na farko mun sa wata saniyar roba da wani ɗalibi ya kawo daga gida, sai ga ta ta fi ofishin tasha tsayi.

A nan akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Layin da aka fi samu a kasuwa faɗinsa milimita 16.5 ne tsakanin dogo da dogo. An yi shi ne domin ma'aunin da ake kira HO, wato 1:87, kuma idan ka ninka 16.5 sau 87 za ka sami milimita 1,435, faɗin layin Turai da Amurka, irin wanda aka yi wa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma tsohon layinmu, wanda jiragen tururi suka bi, ya fi wannan ƙunci: ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Idan ka ɗora jirgin Nijeriya a ma'aunin 1:87 a kan wancan layi, ƙafafunsa za su yi waje kamar na agwagwa.

Maganin yana cikin lissafin aji biyu. Raba 1,067 da 16.5, za ka sami 64 da 'yan kai. Wato idan ka riƙe layin kasuwa yadda yake, amma ka gina jirage da gidaje a ma'aunin 1:64, kome ya daidaita, kuskuren bai wuce milimita 11 a girman gaske ba. Masu wannan sha'awa a Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, waɗanda faɗin layinsu ɗaya ne da namu, sun daɗe suna bin wannan dabara, mu ma ita muka bi. A wannan ma'auni mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama milimita 27, ƙofa mai mita 2 ta zama milimita 31. Wanda ɗakinsa ƙarami ne yana iya ɗaukar layi mai milimita 9 ya yi gini a 1:120, amma fa sai mai kaifin ido da hannun da ba ya rawa.

ABIN DA JIRGIN TURURI KE BUKATA

Yanzu mu koma ga tambayoyin Baba. Kan jirgin tururi wata babbar tukunya ce a kwance bisa ƙafafu. Ana hura wutar kwal a bayanta, zafin ya ratsa ta cikin bututai ya tafasa ruwa, tururin ya tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita, ba ya dawowa. Ke nan ruwa kullum ƙarewa yake yi, kuma ya kan riga kwal ƙarewa. Wannan ya sa a kan tsaya shan ruwa sau da yawa a hanya, kuma tashar da ke ba da ruwa dole ta kasance da tanki a kan dogayen ƙafafu, da bututu mai lanƙwasa a gefen layi, da rijiya ko madatsa da injin tura ruwa. Wurin da za a kafa bututun ba zaɓin kwalliya ba ne. Sai daidai inda kan jirgi ke tsayawa, domin ya sha ruwa ba tare da an kwance shi daga taragu ba.

Kwal ɗin daga Inugu yake zuwa. An gano shi a yankin a 1909, layi daga Fatakwal ya isa can a 1916, daga nan ya ci gaba arewa har ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna a 1927, ta hanyar Kafanchan, inda reshe ya balle zuwa Jos. Ba kowace tasha ke da tarin kwal ba, sai manyan wurare irin Zariya da Kafanchan da Minna, inda ake da loko, wato rumfar da kawunan jirage ke kwana ana duba lafiyarsu. A irin wannan wuri za a ga dandamalin loda kwal, da rami tsakanin dogo inda ake kwashe toka, da tarin tokar kanta a gefe. Mai gina loko ya sa wa ransa cewa wuri ne baƙi ƙirin. In ya fito fes, ƙarya ce.

Sai batun juyawa. Kan jirgi mai jan taragon kwal da ruwa a bayansa ya fi son tafiya da fuskarsa gaba, gama in yana ja da baya direba ba ya gani sosai, ƙurar kwal kuma tana shiga idanu. Don haka a ƙarshen layi, kamar Nguru da layi ya isa a 1930 ko Ƙauran Namoda a 1929, da kuma manyan mahaɗai, dole a sami hanyar juya shi. Hanya biyu ce: ko wata gada mai juyawa a cikin rami zagayayye, ko layi mai kusurwa uku wanda jirgi zai shiga ta nan, ya ja da baya ta can, ya fito fuskarsa ta sauya. Na biyun ya fi sauƙin ginawa a ƙasa amma yana cin fili, a kan tebur ma haka.

Tambayar Baba ta uku ita ce ta fi muhimmanci. Layinmu tilo ne, mai zuwa da mai dawowa hanyarsu ɗaya. Saboda haka ainihin aikin ƙaramar tashar ƙauye shi ne ta ba jirage biyu damar wuce juna: layi ya rabu biyu a wannan baki, ya sake haɗewa a wancan, ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce. Kuma direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya miƙa masa sandar izini ta ƙarfe, wadda ke nuna babu wani jirgi tsakaninsa da tasha ta gaba. A can waje kuma akwai sigina mai hannu a kan dogon turke: in hannun yana miƙe a kwance, tsaya, in ya karkata, shigo. Bayan wannan sai guntun layi na gefe inda ake ajiye taragun kaya kusa da sito, domin gyaɗa da auduga da fatu da kuza su ne suka riƙe reluwe, ba fasinjoji ba.

RAGE TSAWO

Tasha abu ce mai tsawo ƙwarai, tebur kuwa gajere ne. Farantin filawud guda ɗaya tsawonsa mita 2.44, faɗinsa 1.22. A ma'aunin 1:64 wannan fili ne mai mita 156 da 78 kawai, bai kai filin ƙwallo biyu ba. A ce layin raɓewa na wata tasha mita 400 ne, to shi kaɗai zai ci fiye da mita 6 a ɗaki. Ba wanda ke da wannan wuri, don haka kowa yana ragewa. Ƙa'idar ita ce a rage tsawo da yawa, kada a rage aiki. Jirgi mai tarago ashirin ya zama mai biyar, layukan gefe huɗu su zama ɗaya, amma tanki da sigina da layin raɓewa suna nan a mazauninsu.

Mu sai muka tsaga farantin gida biyu ta tsawo, muka haɗa baki da baki, ya ba mu mita 4.88 da faɗin santimita 61. Ni a ganina wannan ya fi da'ira nesa ba kusa ba. A da'ira jirgi yana bin wutsiyarsa ne kamar ɗan kwikwiyo, bayan minti biyar mai kallo ya gaji. A dogon tebur kuwa jirgi yana fitowa daga wani wuri ya nufi wani wuri. A kowane ƙarshe mun ɓoye 'yan layuka a bayan allo mai zanen sararin sama, inda ake shirya jirage da hannu. Ɓangaren hagu muna kiransa Kafanchan, na dama Jos, tsakiya kuma tasharmu ce, wadda muka ƙaga daga abubuwan da Baba ya tuna.

KAYAN AIKI

Layi da ƙafafu da ɗan injin lantarki su ne kawai sai an saya. Namu wani tsohon ɗalibi ne ya aiko da su, na hannu. Ƙasan jirgin na wani samfurin Amurka ne mai tsarin ƙafafu 2-8-2, wato ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, biyu a baya. Wannan shi ne tsarin jiragen nan da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta fara ƙera wa Nijeriya a 1948. Muka cire gangar jikin Amurkan, muka gina tamu da kwali da gwangwani bisa hotuna.

Sauran duk daga bola da bayan aji suke. A ƙarfafa ƙasan faranti da katako kamar tsani, a shafe shi da fenti ciki da waje, domin damina tana kumbura katako, hunturu kuma ya busar da shi ya karkace. A bar ɗan tsaki kamar kaurin kati tsakanin dogo da dogo a wurin haɗi, saboda zafi yana miƙar da ƙarfe. Gidaje da kwalin sabulu ake yi, ninki biyu ko uku a manne. Rufin kwano kuwa, a sami takardar azurfa mai kauri irin ta bakin gwangwanin madara, a ɗora ta a kan matajin kai a goga da farce, sai ga kwano ya fito da layukansa. Ƙaramin gwangwanin tumatir faɗinsa wajen santimita 5 ne, a ma'auninmu ya zama tanki mai faɗin mita 3 da ɗoriya, daidai wa daida. Itatuwa da wayar lantarki ake murɗawa a manna guntayen soso da aka rina. Kuka ce mafi sauƙi, gama yumɓu ne da 'yan rassa, in ka zaɓi rani ma ba ta bukatar ganye.

Ƙasa kuwa ba abin da ya kai ƙasar gaske. A ɗebo jar ƙasa, a shanya, a tankaɗe da rariya. Kafin a zuba, a ja maganaɗisu a cikinta, don akwai burbushin ƙarfe a ciki wanda injin jirgi zai zuƙe ya lalace. Tsakuwar layi da yashi mai ɗan kauri ake yi: a baje shi a bushe da buroshi, a jiƙa kaɗan, sa'an nan a ɗiɗɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun ruwa. Kada kowa ya yi amfani da ƙullun rogo ko na fulawa don neman araha. Mun gwada, a hutun Kirsimeti ɓeraye da kyankyasai suka cinye tudu guda.

Wutar da ke tuƙa jirgin bolt 12 ce, tana shiga ta dogo ɗaya ta koma ta ɗayan, in an sauya wayoyin jirgi ya ja da baya. Batir ko ɗan taransifoma ya isa. Ina jan kunnen ƙananan ɗalibai da babbar murya: ba a taɓa haɗa layi da wutar soket kai tsaye, wannan kisa take yi. Mai gina layi mai kusurwa uku kuma ya sani cewa dogon dama zai zagayo ya haɗu da na hagu, wuta ta yi karo, sai an yanke dogo an sa makunni. Wanda ba shi da halin inji kada ya fasa. Tasha mai kyau da ake tura taragunta da yatsa ta fi mai lantarki wadda ba ta da tanki.

Idan an gama, sai a rubuta jadawali a yi aiki da shi. Ɗalibi ɗaya shugaban tasha, biyu direbobi, ɗaya mai sauya layi. Jirgin kaya ya iso daga Kafanchan, ya sha ruwa, ya ajiye tarago biyu a sito, ya raɓe har na fasinja ya wuce. Ran da Baba ya dawo ya ga wannan, bai ce ya yi kyau ba. Cewa ya yi direbanmu ya tashi ba a ba shi sanda ba, kuma da a zamaninsu ne da an dakatar da shi daga aiki.

AIKIN BAƊI

Jirage masu dizal sun fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma aikin na tururi ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Wanda ya zuba kwal yana ɗan shekara 25 a 1970 yau ya kai tamanin. Tankuna da yawa 'yan gwangwan sun sare su, gine-gine kuma suna zubewa. Hoto yana nuna siffar abu, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa aka ajiye shi a nan ba can ba. Wannan a bakin dattawan kaɗai yake.

Shi ya sa ƙungiya ta yanke shawarar cewa ginin baɗi ba na ƙage ba ne. Za mu gwada wata tasha ta ƙaramin layin nan da ake kira Bauchi Light Railway, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau tsaunin Jos domin kwaso kuza. Ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, kuma duk da sunansa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762, wanda ya yi kusan daidai da layin milimita 9 a ma'aunin 1:87. Akwai ragowar jiragensa a gidan tarihi na Jos, kuma za mu nemi izini mu je da tef da littafi mu auna.

Duk ɗalibin da ke da kaka ko maƙwabci da ya yi aikin reluwe, ya zauna da shi a wannan hutu da takarda da fensir. Ya roƙe shi ya zana tashar da ya fi sani: ina ofis, ina tanki, layi nawa, ta wane gefe sito yake, ina masu sayar da abinci ke tsayawa. A rubuta sunan tashar da shekarar a bayan takardar. Mai tsohon hoto ya kawo mu ɗauki kwafi mu mayar masa a ranar. Ƙungiya tana haɗuwa kowace Laraba bayan tashi daga aji, a ɗakin kafinta, kuma mai zuwa ya taho da rula da reza da kwalin sabulu ko nawa ya samu.